Ɗalibata ta ce Malam ya hana ta faɗa wa kowa: in yi magana ko in kama bakina?

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata makarantar firamare, ina riƙe da aji huɗu, kuma ban daɗe da fara aiki ba. Akwai wata yarinya a ajina 'yar shekara 9. Da can ita ce sarauniyar surutu, amma tun farkon zangon nan ta koma shiru-shiru, karatunta ya ja baya, kuma da an kusa tashi sai ta fara cewa cikinta na ciwo. Wani malami da ya daɗe a makarantar, wanda kowa ke ganin girmansa, yana tsare ta bayan an tashi wai yana yi mata ƙarin darasi, su biyu kaɗai, ƙofa a rufe. Na sha ganin yana ba ta 'yan kyaututtuka. Kwanan baya na tambaye ta abin da ke damunta, sai ta ce, "Malam ya ce kar in faɗa wa kowa," ta fashe da kuka. Na sami shugaban makaranta da maganar, ya ce in kama bakina, malamin ya fi ni sanin aiki, kar in ɓata wa makaranta suna. Ban ga komai da idona ba. Ina tsoron yi wa bawan Allah ƙazafi, ina kuma tsoron rasa aikina, amma na kasa barci. Me zan yi?

Daga wata Malama

Wa alaikumus salam, Malama.

Ki kai maganar nan gaba, kuma kar ki bari ta ƙara kwana. Na fara da wannan ne don kar tsawon bayanina ya sa ki zaci akwai sauran abin da za a tsaya aunawa. Abin da ya rage mu tattauna shi ne yadda za ki kai ta, ta hanyar da za ta tsare yarinyar, ta tsare ki, ta kuma yi wa malamin adalci.

Tsoron ƙazafin da kike yi tsoro ne mai kyau, kuma ba na so ki rabu da shi. Wanda ba ya jin nauyin mutuncin mutane bai dace ya riƙe irin wannan magana ba. Amma zauna ki duba abin da za ki faɗa. Babu wanda ya ce ki je ki ce malamin ya yi wa yarinyar wani abu, domin ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. Abin da za ki faɗa shi ne kin ga babban mutum yana keɓewa da yarinya 'yar shekara 9 a ɗaki rufe bayan kowa ya watse, kin ga yana ba ta kyauta, kin ga ta canza, kuma kin ji da kunnenki ta ce an hana ta faɗa wa kowa. Kin ce ba ki ga komai da idonki ba, alhali duk waɗannan kin gan su. Idan kika tsaya a kansu, ba ƙari ba ragi, babu ƙarya ko ɗaya a bakinki. Gano abin da ya faru a cikin ɗakin kuwa aikin waɗanda aka horar don bincike ne, kuma ba za su fara ba sai wani ya sanar da su.

Mutane da yawa masu kyakkyawar zuciya suna tsayawa jiran hujja, kuma wannan jiran shi ne mafakar masu cutar da yara. Irin wannan ɓarna ba a yin ta a gaban shaidu. Wanda ya yi niyyarta yakan ɗauki watanni yana share fage. Zai zaɓi yaron da ya lura yana buƙatar kulawa, wanda ba a cika sauraronsa a gida ba ko wanda karatu ke ba wahala. Zai fifita shi a kan sauran yara, ya riƙa yi masa kyauta da yabo, ya samar da dalili mai kyan gani na keɓewa da shi. Daga nan sai ya gwada shi da ƙaramin sirri, ya ga ko zai riƙe. Idan ya riƙe, sai a ƙara mataki. Kafin yaron ya gane inda aka dosa, an riga an sa ya ji cewa shi ma yana da hannu a ciki, tunda ya karɓi kyauta kuma ya yi shiru tun farko. Shi ya sa yara ke jin kunya da tsoro a kan laifin da ba nasu ba.

Kuma ba yaron kaɗai ake hilata ba. Irin wannan mutum yakan sayi zuciyar manya tukuna. Shi ne mai zuwa da wuri, mai taimakon kowa, wanda iyaye ke yi wa godiya don ya ɗauki 'yarsu kamar tasa. Idan ranar tonon asiri ta zo, sai a rasa mai yarda, kowa na cewa "ai wane ba zai aikata haka ba." Saboda haka girman da malamin nan yake da shi a idon mutane bai wanke shi ba, kamar yadda bai kama shi da laifi ba. A mafi yawan lokuta wanda ke cin zarafin yaro mutum ne da yaron ya sani kuma ya amince da shi.

Kar ki ɗauka abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. A watan Oktoban 2024 asusun UNICEF ya fitar da ƙiyasin cewa mata da 'yan mata sama da miliyan 370 da ke raye a duniya, wato ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. A ɓangaren maza, ƙiyasin ya kai kusan ɗaya cikin 11. Na kawo na mazan da gangan, domin akan manta da su, kuma yaro namiji ya fi jin nauyin buɗe baki.

Zai yiwu malamin ba shi da wata muguwar manufa? Zai yiwu. Zai yiwu ciwon cikin da shirun daga gida suka taso, ko wasu yara ne ke cin zalinta. Sai dai ko da zuciyarsa fara ce tas, abin da yake yi bai halatta a makaranta ba. Babu darasin da ke buƙatar rufe ƙofa, babu kuma malamin da yake da hurumin ce wa ɗaliba ta ɓoye wa iyayenta wani abu. Wannan jimla ta "kar in faɗa wa kowa" ita ta fi tsaya mini a rai cikin duk wasiƙarki. Idan shi mai gaskiya ne, bincike na adalci zai wanke shi, kuma hakan ya fi masa alheri a kan tsegumin da zai riƙa yawo a bayan idonsa, domin abin da kika lura da shi, da wuya a ce ke kaɗai kika lura.

Bari mu koma kan yarinyar, don a nan ne kuskure ya fi sauƙin aukuwa.

Ta riga ta gwada ki. Wannan 'yar jimlar da ta furta kafin kuka ya ci ƙarfinta, leƙe ne take yi ta ga yadda za ki karɓi magana. Yara ba kasafai suke zazzage komai lokaci guda ba. Sukan faɗi kaɗan, su duba fuskar babba, idan suka ga firgici ko fushi sai su janye, wani lokaci ma su ce wasa suke yi. Don haka idan ta sake zuwa, ki natsu, ki saita fuskarki ko da zuciyarki na tafasa. Ki zauna da ita a inda ake iya hango ku amma ba a jin abin da kuke faɗa. Ki ce mata ta kyauta da ta yi magana, ba ta yi laifi ba, kuma babu wanda zai hukunta ta. Sai ki saurara. Idan ta yi shiru, ki bar shirun, kar ki cike mata gurbi.

Kar ki sa mata magana a baki. Tambaya irin "ya taɓa ki ko?" ko "ya cire miki kaya?" tana da illa biyu. Yaro ƙarami yakan amsa abin da ya ga babba na son ji, sannan idan magana ta kai gaban hukuma, za a ce ke kika kitsa mata. Abin da za ki iya cewa bai wuce "faɗa mini abin da ya faru" ko "sai me ya biyo baya?" ba. Kar ki tambaye ta me ya sa ba ta faɗa tun da wuri ba, ko me ya sa take zuwa, domin a kunnen yaro wannan tuhuma ce. Kar ki duba jikinta, kar ki ɗauki hotonta, kar kuma ki kira wasu malamai ta maimaita a gabansu. Kowace maimaitawa sabon ciwo ce, kuma tana dagula bayanin. Da zarar kin ji abin da ya isa ya nuna akwai damuwa, tambaya ta ƙare daga ɓangarenki.

Akwai abin da zai yi miki wuya. Za ta iya cewa, "Malama, ki yi alkawari ba za ki faɗa wa kowa ba." Kar ki ɗauki wannan alkawari, komai tausayin da ta ba ki. Ki ce mata, "Ba zan faɗa wa 'yan aji ba, ba zan yaɗa ba, amma dole in faɗa wa wanda aikinsa ne ya kare ki, kuma zan gaya miki ko wane ne." Yarinyar da wani babba ya riga ya ɗaure da sirri ba ta buƙatar babba na biyu da zai yi mata alkawari ya karya. Gaskiyar da za ki gaya mata yau ita za ta sa ta ci gaba da yarda da ke gobe.

Tun a daren nan ki ɗauki biro da takarda. Ki rubuta ranar da ta yi miki maganar, da lokaci, da wuri, da tambayar da kika yi mata, da amsarta da kalmominta ita kanta, ba tare da kin gyara mata harshe ba. Ki rubuta ranakun da kika ga an tsare ta, gwargwadon abin da kike tunawa, da ranar da kika sami shugaban makaranta da abin da ya ce miki. Abin da kika gani daban, abin da kike zato daban, kar ki gauraya su. Ki sa hannu da kwanan wata, ki adana inda ido ba ya kaiwa.

Ina nanata rubutu ne saboda an ga abin da sakaci da shi ya haifar. A shekarar 2002, a garin Soham na Ingila, wani mai kula da harabar makaranta ya kashe wasu yara mata biyu 'yan shekara 10. Binciken da Michael Bichard ya jagoranta, wanda aka fitar da rahotonsa a 2004, ya gano cewa tun kafin a ɗauki mutumin aiki an sha kai ƙorafi a kansa game da lalata da 'yan mata masu ƙarancin shekaru, amma ba a adana bayanan yadda ya kamata ba, ba a kuma haɗa su wuri guda ba, don haka da aka zo tantance shi babu abin da ya bayyana. Kowa ya riƙe guntun labari, babu wanda ya ga hoton gaba ɗaya. A yau a Ingila kowace makaranta dole ta naɗa jami'i na musamman mai kula da tsaron lafiya da mutuncin yara, kuma ana buƙatar a rubuta har ƙananan abubuwan da suka sa malami ya ji wani iri game da halin abokin aikinsa. Takardarki za ta iya zama guntun da zai haɗu da na wata malama da ta yi shiru shekaru biyar da suka wuce.

Shugaban makarantarku ya yi kuskure, kuma ba zan sassauta kalmar ba. Da aka kawo masa magana irin wannan, abin da ya wajaba a kansa shi ne ya dakatar da ƙarin darasin nan take, ya rubuta, ya sanar da waɗanda ke sama da shi. Sai ya zaɓi sunan makaranta. Sunan makaranta kuwa ba ya lalacewa don an samu matsala an magance ta. Ranar da iyaye suka gano an sani aka rufe, ranar ce suna ke zubewa, kuma ba ya tasowa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka amince da ita, ta ce a sashe na 3 maslahar yaro ce abin fara dubawa a duk matakin da ya shafe shi. Sashe na 19 kuma ya wajabta kare yaro daga kowane irin cin zarafi, har da na lalata, a hannun iyaye ko duk wanda aka damƙa wa kulawa da shi, ya kuma ambaci kai rahoto da bincike a cikin matakan kariyar. Makaranta tana cikin waɗanda aka damƙa wa wannan amana.

Ki sake komawa wurinsa, amma a rubuce wannan karon. Wasiƙa gajera, cikin ladabi: ga abin da na gani, ga abin da na ji, ina roƙon a dakatar da keɓewar kuma a sanar da hukumar da ta dace. Ki riƙe kwafi. Sau da yawa wanda ya yi watsi da maganar baki yakan canza idan ya ga takarda mai kwanan wata, don ya san yanzu akwai shaidar an gaya masa. Amma kar ki zauna jiran amsarsa. A rana guda ki kai maganar ga wanda ke sama da shi, ko mai makarantar ne, ko hukumar gudanarwarta, ko ofishin ilimi da ke sa ido a kanku. Ki kuma sanar da jami'an jin daɗin jama'a masu kula da yara, ko sashen 'yan sanda da ke karɓar ƙorafin cin zarafin yara. Ƙasashe da dama suna da layin waya na kyauta don taimakon yara, inda za ki iya neman shawara kafin ki ambaci sunan kowa. Ba kya buƙatar izinin shugaban makaranta kafin ki kare ɗalibarki, kuma a wasu ƙasashen doka ma ta wajabta wa malami kai rahoto, shiru ne laifin.

Iyayenta suna da haƙƙin sani, kuma da wuri. Sai dai yadda za a gaya musu yana buƙatar hikima. Uban da ya ji irin wannan labari ba shiri zai iya ɗaukar doka a hannunsa, uwa kuma za ta iya rufe yarinyar da tambayoyi ko da duka saboda ruɗewa. Wasu kuma za su cire ta daga makarantar cikin dare don gudun abin kunya, a bar malamin da sauran yara. Ya fi kyau ku zauna da su tare da jami'in da kika kai wa rahoto. Idan hakan zai ja lokaci, ki sami mahaifiyar ke da ita, ki faɗa mata abin da kika gani kawai, ki roƙe ta abu biyu: a daina barin yarinyar bayan an tashi, kuma kar a matsa mata da tambaya ko a zarge ta. Idan kuwa wani abu daga bakin yarinyar ya nuna cewa a gida matsalar take, to jami'an za ki fara samu kafin iyaye.

Idan ta faɗi abin da ke nuna an taɓa jikinta, asibiti ba ya jira. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙwayar cutar HIV bayan irin wannan lamari dole a fara shan sa cikin sa'o'i 72, kuma duk shaidar da likita zai iya samu tana gushewa da wucewar kwanaki. Ko an wuce wannan lokaci a kai ta, don akwai sauran abubuwan da za a duba, akwai kuma buƙatar mai ba da shawara da ya iya zama da yara.

Shi malamin, kar ki tunkare shi, kar ki yi masa habaici, kar ki canza masa fuska. Idan yana da abin ɓoyewa, kan yarinyar zai koma da barazana. Kar kuma maganar ta shiga ofishin malamai ko zauren WhatsApp, ko da a wurin aminiyarki ce. Sunan yarinyar nan zai bi ta har girmanta, kuma mutumin da ba a tabbatar wa laifi ba yana da haƙƙin kar a yi masa shari'a a bakin mutane. A nan ne tsoron ƙazafinki zai yi miki amfani: ki faɗa wa masu ikon yin wani abu, su kaɗai.

Gobe idan aka kaɗa ƙararrawar tashi, ke ce malamar ajinta, kina da ikon cewa ta zauna tare da ke har a zo ɗaukarta, ko ki raka ta bakin ƙofa da kanki. Idan ya aiko a kira ta, ki ce tana da aiki a wurinki, ko ki ce a yi darasin a ajinki kina zaune. Wannan ba ya buƙatar sa hannun kowa. A cikin aji kuma ki bar ta ta zama yarinya kamar kowa, kar ki riƙa kallonta da idon tausayi har sauran yara su tsargu.

Batun aikinki, ba zan yi miki daɗin baki ba. Zai yiwu a ɗaure miki fuska, a ce sabuwar zuwa ta fiye rawar kai, zai yiwu ma a nemi hanyar takura miki. Kariyarki ita ce takardunki da tsayawa a kan abin da kika gani kawai. Idan kina cikin ƙungiyar malamai, ki sanar da wakilinku cewa kin kai rahoton da ya shafi tsaron ɗaliba, ba sai kin ba shi bayanin ba. Ki sami mutum ɗaya a gida mai riƙe magana wanda zai tsaya miki, domin wannan kaya ya yi wa mutum ɗaya nauyi, kuma rashin barcin da kike fama da shi ba zai tafi da kansa ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ki auna kuma: idan kika rasa wannan aiki, mai yiwuwa ki sami wani, ita kuwa shekara 9 gare ta, kuma a duk makarantar ke ta zaɓa ta gaya wa.

Idan ƙura ta lafa, ki nemi a zauna a taron malamai a kafa ƙa'idoji a rubuce, ba tare da ambaton kowa ba: babu malamin da zai keɓe da ɗalibi a ɗaki rufe, ƙarin darasi sai da sanin iyaye kuma a inda ake gani, babu kyautar ɓoye, a tuntuɓi inda mutum ya taɓa aiki kafin a ɗauke shi ko da mai gadi ne ko direba, a kuma naɗa mutum ɗaya da kowa ya san shi ake kai wa irin wannan damuwa, da wanda za a je wurinsa idan shugaban ne da kansa ake ƙorafi a kai. Waɗannan ƙa'idoji malamai ma suke karewa daga zargi. A ajinki kuwa ba sai kin jira taro ba. Ki koya wa yaran duka, maza da mata, cewa jikinsu nasu ne, akwai wuraren da babu mai taɓawa, kuma duk sirrin da ya sa su tsoro ko ciwon ciki sirri ne da ake faɗa, ko wane ne ya ce a ɓoye. Ki sa kowane yaro ya ambaci manya uku da zai iya gaya wa damuwarsa, ki ce idan na farko bai saurara ba a je wurin na biyu.

Idan kin kai rahoton kika ji shiru bayan 'yan kwanaki, ki koma ki tambayi inda aka kwana, ki rubuta ranar da kika koma da wanda kika samu. Idan suka yi miki hanya-hanya, ki sake rubuto mini mu duba ƙofa ta gaba. Allah ya tsare yarinyar nan, ya ƙarfafa miki gwiwa.